Yadda ɗan Maradi zai koyi aiki a jirgin tsere mai tafiya da iska

Duk shekara samari da ƴan matan Maradi suna tafiya karatu ko fatauci zuwa garuruwan bakin teku, irin su Kwatano da Lome da Legas da Dakar da Tunis da Marsey, kuma akasarinsu sukan gama zamansu su dawo gida ba su taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin da teku mafi kusa da garinsu ya fi nisan kilomita 800, wanda kuma Gulbin Maradi da ya sani ba ya gudu sai da damina. Sai dai akwai abin da yawancinmu ba mu sani ba, wato jiragen tsere masu tafiya da iska kullum cikin neman hannuwa suke. Jirgi mai tsawon mita 7 zuwa 12 yana buƙatar mutum huɗu zuwa goma kafin ya shiga gasa, kuma mai jirgin ba ya samun cikon mutanensa kowane mako, saboda haka ba sai mutum ya mallaki jirgi ko ya tara dukiya zai shiga wannan wasa ba. Abin da ke sa a sake gayyatar sabon shiga shi ne a ga ana iya dogara da shi, wato ya zo a kan lokaci, ya riƙe aiki guda ɗaya da kyau, ya kuma kula da lafiyarsa yadda ba zai zama nauyi a kan sauran ba. Ƙarfin damtse yana zuwa ne a bayan waɗannan.

Shirin yana farawa tun daga gida, kuma iyo ne farkonsa. A Faransa makarantun tuƙin jirgin iska suna neman shaidar cewa mutum zai iya iyon mita 25 ya kuma nutsar da kansa cikin ruwa ba tare da ya firgita ba, kuma a ganina wannan shi ne mafi ƙarancin abin da kowa ya kamata ya ɗora wa kansa a ko'ina. A nemi wurin wanka da aka gina, mai tsabta, tare da wanda ya iya koyarwa. Ban ba da shawarar a koya a gulbi lokacin da ya kawo ba, domin ƙarfin ruwansa ya wuce yadda ido ke gani, haka nan tafkuna da kududdufai suna ɗauke da haɗarin tsargiya. Wanda ya je Madarumfa ya roƙi masunta su ɗauke shi a kwalekwale zai amfana ta wata fuskar, domin zai fara sanin yadda jirgi ke amsa nauyin jiki idan an tashi tsaye ko an karkata gefe ɗaya, amma ko a nan ruwa ba sa'an kwando ba ne, kada a shiga sai da rigar ceto ko bayan an iya iyo.

Abu na biyu da za a iya ƙwarewa a kansa a tsakar gida shi ne ƙulli. A sayi igiya mai laushi ta mita biyu a kasuwa a koyi ƙulli uku. Na farko shi ne wanda Faransawa ke kira ƙullin kujera, wanda ke yin zobe a bakin igiya, ba ya zamewa komai nauyi, kuma yana kwancewa cikin sauƙi da zarar an sauke nauyin. Da shi ake ɗaure igiya a kusurwar zanen jirgi, wato babban ƙyallen da iska ke turawa jirgi ya tafi. Na biyu ƙullin takwas ne, wanda ake yi a wutsiyar igiya don kada ta zare ta fice daga ramin da aka zura ta. Na uku ɗaurin ƙaho ne, wato a zagaya ƙarfen ɗauri mai ƙaho biyu da ke kafe a jikin jirgi sau ɗaya, a giciye shi kamar lamba 8, sannan a kulle. A maimaita su har hannu ya iya yin su ido a rufe, domin ranar da za a buƙace su jirgi yana tangaɗi, hannu a jiƙe, wani kuma yana jira.

Sai sanin iska, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar baki ɗaya, kuma a nan ɗan Maradi ba baƙo ba ne. Mun san iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Abin da ya rage shi ne mutum ya saba wa kansa da tambayar daga ina iska take zuwa a wannan daƙiƙar, ya juya fuska har ya ji ta daidai a kunnuwansa biyu, ya dubi hayaƙi da ganyen bedi da tutar makaranta. Jirgi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Mafi kusa da zai yi shi ne ya bar kusan digiri 45 tsakanin goshinsa da inda take fitowa. Saboda haka idan alamar da aka sa a kan ruwa don jirage su zagaya a tsere tana can wajen da iska ke fitowa, sai an tafi a karkace, a yi dama a juyo a yi hagu, har a isa. Juyin da ake ratsa iska da goshin jirgi shi ne juyin gaba, wanda kuma ake ratsa ta da bayan jirgi shi ne juyin baya, kuma kusan duk aikin ƴan jirgi a kan waɗannan biyun yake. Ana auna iska da ma'aunin not, not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Iska mai not 8 zuwa 12 ita ce ta koyo, amma idan ta haura 20 aiki ya zama na waɗanda suka goge, domin duk lokacin da saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin da take dannawa a kan zane yana ninkawa huɗu.

Idan an isa garin bakin teku, kulob ɗin masu jiragen iska za a nema. A Legas akwai Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932, a Dakar akwai Cercle de la Voile de Dakar a gaɓar Hann, a Faransa kuwa kusan kowace tashar jirage tana da nata, ga kuma makarantar Les Glénans da ke koyarwa tun 1947. Kulob da yawa suna da allo ko rukunin WhatsApp inda masu jirage ke neman ƴan aiki. A rubuta gaskiya: ban taɓa tsere ba, na iya iyo, na iya ƙulli, nauyina kaza ne, ina samuwa kowace Asabar. Mai jirgi ya fi son sabon da ya faɗi iyakar saninsa a kan wanda ya yi cika baki, domin a kan maganar mutum zai raba aiki, kuma aikin da aka ba wanda bai iya ba yana iya jawo rauni ga wani. A tambaya kuma game da lasisin ƙungiyar wasan ta ƙasar, wanda yawanci da shi inshora take tafe.

Batun sutura ba ƙarami ba ne. Duk abin da ke lilo, riga mai faɗi ko gyale ko carbi a wuya, yana iya shiga cikin winci, wato gangar ƙarfen da ake jan igiya da ita, kuma zobe a yatsa a cire shi tun a tudu. Mace mai lulluɓi ta sa ɗan ƙaramin hijabi irin na wasanni ta cusa bakinsa cikin riga. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙasan roba wadda ba ta barin baƙin tabo, a sa safar hannu mai yankakkun yatsu, hula kuma a ɗaure ta da zare. Wanda ya saba da zafin Afrilu a Maradi, inda ma'auni ke haura digiri 40, yakan raina sanyin teku, alhali ruwan yammacin Faransa yana sauka kusan digiri 10 da hunturu, kuma ko a Dakar iska a kan jiƙaƙƙen jiki tana sa karkarwa. Tufafin auduga suna riƙe ruwa, don haka a sa na roba a ciki, a ɗora mai hana ruwa shiga a sama. Jaka ta zama ƙarama, domin masu tsere suna lissafin kowane kilo. A kuma shirya lokacin salla tun kafin a bar tasha, tun da ana iya yin awa biyar ko shida a kan ruwa, kuma wanda zai fita da azumi ya sanar da shugaban jirgi tun farko.

Da an hau jirgi, kafin a kwance igiyar tasha, a tambayi abu uku: ina rigata ta ceto, ina zan zauna, wace igiya ce tawa. A jirgi ba a cewa dama ko hagu yadda aka ga dama, domin kowa da inda ya fuskanta. Gefen hagu idan an dubi goshi shi ne babor, launinsa ja, na dama kuma tiribor, launinsa kore, kuma ba sa canzawa ko da mutum ya juya baya. Igiyoyi ma kashi biyu ne manya, masu ɗaga zane sama a jikin dogon sandan tsakiya, da masu jawo shi ciki ko sake shi waje. A bi kowace igiya da hannu daga farkonta zuwa ƙarshenta tun jirgi yana tsaye, a haddace launinta da inda take bi. Sannan a dubi sandar kwance da ke ƙarƙashin babban zane a auna tsayinta da kai, domin ita ce ta fi kowane abu jikkata mutane a jirgi, musamman a juyin baya, lokacin da take sharowa daga wannan gefe zuwa wancan da dukan ƙarfin iska.

Aikin farko da ake ba sabon shiga shi ne zama a gefe, kuma bai kamata ya raina shi ba. Idan iska ta cika zane jirgi yakan karkata, kuma idan karkatar ta yi yawa sai ya rage gudu ya riƙa zamewa gefe, saboda haka ake jera mutane a ɓangaren da iska ke bugowa, ƙafafu a waje, don nauyinsu ya miƙar da shi. A juyin gaba matuƙi zai tambaya ko an shirya, kowa ya amsa da murya, sannan ya ba da umarnin juyawa. A nan sai mai zaman gefe ya janyo ƙafafunsa, ya sunkuya ƙasa da sandar kwance, ya tsallaka ta hanyar da aka nuna masa ba tare da ya taka igiyar kowa ba, ya isa ɗaya gefen daidai lokacin da zane ke sake cika. Wanda ya yi saurin tashi ya rage wa jirgi ƙarfi kafin juyi, wanda ya makara kuma zai tarar da jirgi ya riga ya karkata, sai ya haura zuwa gefen da ya ɗaga sama da rarrafe. Idan iska ta yi rauni lamarin yakan juye, a ce a koma ɓangaren da zane yake a matsa gaba, a kuma yi tafiya a hankali, domin taku mai nauyi yana kakkaɓe ƴar iskar da ke cikin zane. Daga wannan mazauni ne ake koyon karanta ruwa. Inda fuskar teku ta yi duhu tana ƙananan tattara, iska mai ƙarfi ce tafe, kuma mai zaman gefe da ya iya cewa ga iska nan cikin daƙiƙa biyar, huɗu, uku, ya riga ya zama mai amfani ga matuƙi.

Mataki na gaba shi ne winci, gangar ƙarfe da ake naɗa igiya a jikinta don a iya jan nauyin da hannu kaɗai ba zai iya ba, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Ana naɗa igiya ne ta hanyar da hannun agogo ke bi, domin ta nan kaɗai gangar ke juyawa, kuma idan an yi shakka a juya ta da hannu tukuna a gani. A fara da naɗi biyu lokacin da igiya take sako-sako, a ja da sauri hannu bayan hannu, idan ta fara nauyi a ƙara na uku, sannan a sa mariƙi a murza. Wanda ya cika naɗi tun farko zai sa igiya ta hau kan ƴar uwarta ta cije, kuma kwance irin wannan cizo ana tsakiyar tsere yana cinye lokacin da jirage uku za su wuce. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi igiya ta suɓuce masa ya san yadda take ƙone tafin hannu, to nauyin da ke kan igiyar zanen gaba ya ninka na guga sau da yawa. Saboda haka ba a naɗa igiya a hannu ko kaɗan, ba a kusantar da yatsu ga gangar, kuma a riƙe igiya yadda ƙaramin yatsa ne ke fuskantar winci, babban yatsa yana nesa. Idan za a sassauta kaɗan, a ɗora tafin hannu ɗaya a buɗe a kan naɗin, ɗayan hannun ya riƙa sakin igiya sannu a hankali. Idan kuwa juyi ne, sai a jira har gaban zanen ya fara kaɗawa, sannan a fizge igiyar sama a tsaye don naɗin ya fita gaba ɗaya, a tabbata kuma wutsiyarta ba ta harɗe ba kuma ba wanda ya taka ta. Mariƙin winci ba a barin sa a kan ganga, ba a kuma ajiye shi a daɓe, sai a cikin aljihunsa, domin yana da tsada kuma yawancinsu ba sa tasowa idan sun faɗa ruwa.

Yadda ake gane ko zane ya daidaita kuwa, akwai ƴan zarurruka da ake liƙawa a fuskokinsa biyu kusa da gaba. Idan duka biyun sun miƙe suna kwance zuwa baya, iska tana bin zane yadda ake so. Idan na ciki, wato na ɓangaren iska, yana rawa, a ƙara jawo zane. Idan na waje ne ke rawa, an matse shi da yawa, a sassauta. Kuskuren sababbi kusan guda ne a ko'ina, suna matse zane fiye da kima saboda matsattsen zane ya fi kyan gani, alhali jirgi ya shaƙe.

Babban zanen nan mai launi da ke kumbura a gaban jirgi idan iska tana baya, wanda ake kira sipi, ba za a ba sabon shiga jan sa ba, amma za a ba shi shirya shi a jaka, kuma a cikin ɗakin jirgi ake yi, inda ba iska ga tangaɗi. Yana da kusurwa uku. A kama ta sama, a bi gefe ɗaya da hannu har ƙasa, a dawo a bi ɗayan, don a tabbata bai murɗe ba, sannan a cusa cikinsa a jaka a bar kusurwoyin uku a sama a ɗaure. Idan an yi sakaci zai tashi a murɗe a tsakiya, kowa kuma zai san hannun da ya shirya shi. A wannan ɗakin ne jiri da tashin zuciya suka fi kama mutum, don haka a yi aikin da sauri a fito a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. A ci abinci marar maiƙo kafin fita, a sha ruwa, kuma wanda zai sha maganin jiri ya sha shi tun kafin a tashi. Idan amai ya zo a yi shi ta gefen da iska ke fita, a riƙe wani abu da hannu ɗaya, kuma ba abin kunya ba ne, tsofaffin matuƙa ma yana kama su.

Dokokin tsere suna hannun hukumar World Sailing, wadda asalinta ya koma 1907 a Paris, kuma ana sabunta littafin duk shekara huɗu bayan gasar Olamfik. Wanda ake aiki da shi yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Sabon shiga ba ya buƙatar haddace shi, amma ya san kaɗan. Jirgin da iska ke bugo masa ta babor shi ke kauce wa wanda take bugo masa ta tiribor. Idan ta gefe ɗaya take bugo musu kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi ke kaucewa. Wanda ya taɓa alama zai juya jirginsa zagaye ɗaya a matsayin hukunci, wanda ya tauye haƙƙin wani jirgi kuma zagaye biyu. Tashi ma yana da tsari: ana ɗaga tutar rukunin jiragen da za su tashi tare da ƙara saura minti 5, tutar shiri saura minti 4, a sauke ta da doguwar ƙara saura minti 1, sannan a sauke tutar rukuni a tashi, kuma wanda goshinsa ya ƙetare layi kafin lokaci sai ya koma ya sake. Waɗannan mintuna biyar su ne mafi cunkoso a duk ranar, jirage suna gilma wa juna da tazarar hannu, matuƙi da mai ba shi shawarar dabarun tsere suna buƙatar jin juna, don haka ba lokacin tambaya ba ne. Aikin da ya dace da sabo a nan shi ne riƙe agogo, yana faɗin lokaci da murya mai ƙarfi duk daƙiƙa 30, a minti na ƙarshe duk daƙiƙa 10, a goman ƙarshe kuma ɗaya bayan ɗaya. Za a ji tsawa a jirgi, kada a ɗauke ta cin mutunci, domin iska tana cinye murya kuma lokaci ba ya jira, amma jirgin da zagi ya zame wa ɗabi'a a bar shi a nemi wani.

Doka ta farko a littafin ita ce wajabcin taimakon duk wanda ke cikin haɗari, kuma tana gaba da kowane kofi. Idan wani ya faɗa ruwa, wanda ya gani ya yi ihu, a jefa masa abin da zai riƙe, mutum ɗaya kuma ya miƙa hannu yana nuna shi ba tare da ya ɗauke ido ko sau ɗaya ba, domin kan mutum a cikin raƙuman ruwa yana ɓacewa cikin ɗan lokaci. Sau da yawa sabon shiga ake ba wannan aikin, tun da sauran suna fama da zane.

Bayan an ƙetare layin ƙarshe aiki bai ƙare ba. Akwai naɗe igiyoyi, da ninke zane tare da wani, da wanke daɓe da winci da ruwan daɗi saboda gishiri, da kwashe shara, kuma masu jirage suna lura ƙwarai da wanda ya tsaya da wanda ya ɗauki jakarsa ya wuce. A zauna zaman da ake yi a kulob bayan tsere ko da lemo kawai za a sha, domin a nan ake warware abin da ya faru a kowane juyi, a nan ne kuma tambayoyin da aka haɗiye a kan ruwa suke da wuri. A riƙe ɗan littafi a rubuta ƙarfin iskar ranar, da aikin da aka yi, da gyaran da aka samu. A zauna a jirgi ɗaya har kakar tsere ta ƙare kafin a nemi canjin matsayi, daga zaman gefe zuwa igiyoyin ɗagawa, daga nan zuwa winci ko goshi, kuma idan wani abu ya hana zuwa, a sanar da mai jirgi tun ana saura kwana biyu ko uku don ya sami wanda zai cike gurbin.